Game da fanshon nakasa da aka hana Baba

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce mahaifinku ya yi soja a rundunar Faransa lokacin yaƙin Aljeriya, ya nemi fanshon nakasa saboda raunin ƙafarsa, amsa ta dawo an ƙi, kana tambaya ko da sauran hanya. Akwai, kuma na bi ta tare da kawuna a nan Tawa.

Kafin komai, ku sami wanda ya ƙware a Faransanci ya karanta muku takardar, domin dalilin ƙin yana ciki, kuma a kansa za ku gina kukanku. Galibi ɗayan biyu ne: ko a ce nakasar ba ta kai mizani ba, wato kashi 10 cikin ɗari idan rauni ne, ko a ce ba a tabbatar a bakin aikin soja aka same ta ba. Na biyun ne ya fi kayar da mazan jiya, domin bayan shekara 60 da ɗoriya likita zai ga tabo a ƙauri, ya ga ɗingishin tsoho, amma ba zai iya shaidar inda aka ji ciwon ba. A ganina doguwar wasiƙar bayyana wahala ba ta sauya komai, tsohuwar takarda ce ke magana. Littafin sojan kawuna, wanda gara ta ci gefensa a ƙasan akwatin ƙarfe, shi ya ba mu lambarsa da sunan bataliyarsa. Da su muka rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke Pau a Faransa, muka kuma nemi shaidar kwanciyarsa daga ma'ajiyar asibitocin soja da ke Limoges, can Faransa, inda aka samo shafin da ke ɗauke da ranar da aka kwantar da shi da irin raunin.

Sai batun wa'adi. Tun daga 1 ga Nuwamba 2019 ba a zuwa kotu kai tsaye, dole a fara da kwamitin sauraron ƙorafi kan fanshon nakasa da ake kira Commission de recours de l'invalidité, cikin wata 6 daga ranar da amsar ta shigo hannu (wata 8 ga mazauna wajen Faransa), don haka ku adana ambulan da hatimin gidan waya. Kwamitin na da wata 4, idan ya yi shiru an ƙi ke nan, daga nan sai kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma.

Wahalar ta cancanta, tunda daga 2011 aka kawar da bambancin kuɗi tsakanin tsofaffin sojojin Afirka da takwarorinsu Faransawa. Sai dai ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka ku aika ta hanyar da za a ba ku rasit, kwafi kawai, ainihin littafin Baba ya zauna a gida. Allah ya ƙara masa lafiya.