Sunan tsiron mandaragora a harsunan Turai

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa sunan wannan tsiro yake kusan iri ɗaya a Turai, sai Jamusanci ya fita daban. Tushen yawancinsu kalmar Girkanci ce, mandragoras, wadda Latin ta ara. Daga nan Faransanci ya samu mandragore, Sifaniyanci mandrágora, Italiyanci mandragola, har Rashanci ma mandragora yake cewa.

Turanci ne ya fi ba ni sha'awa. Bakin jama'a ya gutsure kalmar ta koma mandrake, aka riƙa jin ta kamar man, wato "mutum", haɗe da drake, wato "dodo". Ba banza ba, saiwar kan rabu biyu kamar ƙafafun ɗan Adam, har magabata suka yi imani tana ihu idan an tuge ta. Turkawa kuwa kai tsaye suka ce adamotu, wato ciyawar mutum.

Jamusawa nasu Alraune ne, 'yan Holand alruin. Asalinsa tsohuwar kalmarsu runa, mai nufin asiri.

Don Allah kada ka ɗauki tsiron nan abin wasa. Dangin zaƙami ne, dafinsu iri ɗaya, yana gusar da hankali, yana kisa.