Amsa ga mai tambaya kan inda ake ɗaura na'urar ɗiga wa sarƙar babur mai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi na'urar da ke ɗiga wa sarƙa mai da kanta, kuma makanikinka na Agege a Legas yana son ya ɗaura bakin tiyon da man ke fitowa a saman sarƙar, kusa da inji. Shawarata ita ce ka dakatar da shi, domin ni ma a nan aka fara ɗaura mini tawa, kuma na ji jiki.

Man da ya sauka a bayan sarƙa ba ya shiga cikinta, saboda da zarar babur ya ɗauki gudu, juyawar sarƙar ce take watsar da shi waje. Ko sati ban yi ba na ga gefen tayar baya yana ƙyalli, ƙafar wandona ta yi baƙi, ita kuwa sarƙar tana nan a bushe tana ƙara. Wata safiya da aka kwana ana ruwa, ina karya kwana a wajen Iyana Ipaja, sai tayar ta zame da ni, Allah ne kawai ya kiyaye. A ranar na kwance komai na sake lale.

Wurin da ya dace shi ne jikin farantin haƙora na tayar baya, ta ƙasa, dab da inda sarƙar take hawa kansa. Idan sarƙarka tana hagu, ka tsuguna ka dubi farantin kamar fuskar agogo, ka sa bakin tiyon tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 8, yana ɗan shafar farantin sama kaɗan da haƙoran. Hikimar ita ce, juyawar da take watsar da mai a can sama, a nan ita ce take tura shi daga farantin zuwa cikin gaɓoɓin sarƙar. Kafin ka gamsu, ka ɗaga babur a kan ƙafar tsakiya, ka juya tayar da hannu gaba da baya, ka tabbatar bakin ba ya karo da notika ko ramukan farantin, domin turin babur da baya a wurin fakin shi ne ya fi karya shi. Kuma duk lokacin da aka ja sarƙa tayar tana matsawa baya, don haka sai an sake daidaita bakin.

Shi kuwa ɗan tankin man, a tsaye ake son sa, sama da bakin tiyon, a inda hannu zai kai idan za a ƙara mai. Nawa yana jikin firam, ƙarƙashin kujera. Ka nisanta shi da salansa, wato bututun hayaƙi, da kan inji, saboda zafi yana tsinka mai, ya riƙa zuba fiye da yadda ka saita. Tiyon ya bi ta ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ka bar masa ɗan sassauci yadda ba zai tsinke ba idan ka faɗa rami.

Ba ka faɗi irin da ka saya ba. Irin ta kamfanin Scottoiler da ake haɗawa da iskar da inji ke zuƙa tana ɗiga muddin inji na kunne, ko da kana tsaye cikin gosulon Oshodi, ita kuwa ta kamfanin Tutoro girgizar tafiya ce take buɗe ta. A ganina ta biyun ta fi dacewa da Legas, kodayake ni ta farkon nake amfani da ita. Ɗigo ɗaya a minti shi ne ma'aunin farawa, amma na rage nawa lokacin rani, ina ƙara shi da damina idan ruwan kan titi ya wanke sarƙar. Kamfanin Scottoiler yana da jan mai na yanayin zafi digiri 20 zuwa 40, shi ne na yanayinmu, ba shuɗin mansu ba.

Idan baburinka irin Bajaj Boxer ne mai rufaffen gidan sarƙa, ban ga dalilin cire murfin don na'urar ba, domin yashin Legas idan ya cakuɗu da mai, cin haƙora yake yi kamar dutsen wasa wuƙa. Ka gaya mana samfurin baburin, in faɗa maka inda tankin zai zauna.