Amsa ga ƙanwarmu ɗaliba: yadda Bature yake faɗin matsala idan ta taru masa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar gidan nan barkanmu da warhaka. Ku yi mini haƙuri, saƙon muryar nan zai ɗan yi tsawo, don maganar ta fi ƙarfin rubutu. Ƙanwata, ke da kika yi tambaya jiya da daddare, da ke nake, amma sauran ɗaliban da suka shigo Ingila kwanan nan su ma su kasa kunne.

Ga wanda bai ji tambayar ba, cewa ta yi abubuwa sun haɗe mata goma da ashirin. Kuɗin makaranta ya cije, mai gida yana neman haya, Mama ba lafiya a gida, ita kanta barci ya ƙaurace mata, ga aikin da za ta miƙa wa'adinsa ya matso. Ta je wurin malamar da ke kula da karatunta ta ce tana da matsaloli da yawa, sai matar ta ce, wacce daga ciki? Abin ya sosa mata rai, ta ga kamar an raina kukanta. Shi ne take tambaya, wai su Turawan nan yaya suke faɗa idan duniya ta yi musu zafi ta ko'ina, ko kuwa ba sa faɗa ne?

Suna faɗa, ƙanwata. Wallahi suna faɗa. Hanyarsu ce daban da tamu, kuma malamar nan ba korarki ta yi ba, ƙofa ta buɗe miki.

Da farko ki cire gaisuwa daga lissafi. Idan kin haɗu da Bature a bakin ƙofa ya ce miki “You alright?”, ba labarin rayuwarki yake nema ba, “ina gajiya” ce kawai tasu. Amsar ita ce “not too bad”, kowa ya kama gabansa. A nan ba su fi mu ba, ba mu fi su ba. Mu ma mutum yana kwance ba ya ko iya ɗaga kai, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Inda za ki lura shi ne idan ya sake tambaya karo na biyu, ya rage murya, ko ya ce bari ya ɗora ruwan shayi. To wannan da gaske yake, yana so ya ji.

Sai kuma ki sani, mutumin Ingila idan abu ya girma, ƙanƙanta shi yake yi a baki. Kun san aikin jinya nake yi. Za a kawo mana tsoho ya faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye, fuskarsa ta yi fari fat, yana riƙe da ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa sun fito, ka ce masa yaya ciwon, ya ce “a bit sore”, wai ɗan zogi ne kaɗan. Har haƙuri yake ba ka wai ya dame ka. Shi ya sa ba ma tsayawa kan abin da bakinsu ya faɗa, sai mu ce ba mu lamba daga 0 zuwa 10. Sai ka ji ya ce 8. Saboda haka in kin ji abokiyar karatunki ta ce makon nan “a bit of a nightmare” ne, tana murmushi, kada murmushin ya ruɗe ki. In kuma kika ji Baturiyar Ingila ta ce “I'm struggling”, babu dariya a ciki, to tura ta kai bango, ki ajiye abin da kike yi ki saurare ta. Mutanen Amurka sun fi su sakin baki, za su gaya miki kai tsaye suna cikin wani hali, har su ce suna ganin likitan ƙwaƙwalwa, ba sa jin komai. Na nan sai a hankali.

Yanzu ga ainihin tambayarki, idan matsalolin suka yi yawa kuma kowacce da inda ta ɓullo. Akwai wata abokiyar aikina, Baturiya ce, ta manyanta. Muna ɗakin hutu cikin dare tana juya shayi da cokali, sai ta ce min “It's been one thing after another.” Wannan ita ce jimlar da za ki fi ji a bakinsu, wato daga wannan sai wannan. Wani ya ce “I've got a lot on my plate”, wai farantinsa ya cika. Tsofaffi su ce “It never rains but it pours”, wanda shi ne namu na ana kukan targaɗe sai ga karaya. Amma duk waɗannan share fage ne. Abin da ya biyo baya shi nake so ki ji. Matar nan ba ta tsaya a nan ba, sai ta fara ƙirgawa da yatsu. Boilar da ke ɗumama mata gida ta mutu, mai gyara ya faɗi kuɗin, zai zo ranar Alhamis. Mahaifiyarta ciwon mantuwa ya yi ƙarfi, tana jiran ma'aikatan ƙaramar hukuma su zo su duba ko za a ba ta mai kula. Motarta ta faɗi gwajin shekara da suke kira MOT, sai an sauya birki. Ɗanta ya samu matsala a makaranta, an ba ta ranar ganawa da shugabar. Guda huɗu, kowacce da sunanta, da ranarta, da wanda za a gani a kanta. Da ta gama sai ta kurɓi shayi ta ce “mustn't grumble”, wai bai kamata ta yi ƙorafi ba, ta tashi ta koma kan majinyata.

Kin ga bambancin? Mu in abu ya taru mana, dunƙule shi muke yi wuri ɗaya mu ce yanayi ne, sai addu'a, Allah dai ya rufa asiri. Kuma a gida wannan ya wadatar, domin wanda kika gaya wa ya san gidanku, ya san Mama, ya san farashin buhun shinkafa, zai cike gurbin da kansa. Bature kuwa rarraba shi yake yi kamar mai tsintar tsakuwa a wake, na kuɗi gefe, na lafiya gefe, na gida gefe, na aiki gefe.

Kuma ba don sun fi mu wayo ba ne, ƙasarsu ce aka gina haka. Kowace matsala da ofishinta, kuma wani ofishi ba ya taɓa aikin wani. Bashi da rigimar haya, akwai Citizens Advice, tun 1939 suke wannan aikin, kyauta. Bashin da ya yi katutu, akwai StepChange. Rashin lafiya, likitan unguwa da suke ce wa GP, ko ki kira 111 in ba na gaggawa sosai ba ne. Ƙuncin zuciya cikin dare, Samaritans, lambarsu 116 123, ba a biyan ko kwabo, dare da rana. Mutumin da ya tashi a cikin wannan tsari, tun yana yaro ya koyi cewa in bai ambaci abu da sunansa ba, ba a san ƙofar da za a tura shi ba.

Kada kuma ki ɗauka ba su san wahala ba. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, rabon da a ga haka an fi shekara 40. Kuɗin gas da wuta ya tashi har suka riƙa cewa “heat or eat”, wato ko ka ɗumama ɗaki ko ka ci abinci. Rumbunan abincin sadaka na Trussell Trust sun raba ƙunshi sama da miliyan 3 a shekara guda, daga 2023 zuwa 2024. Layin jiran magani a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7 a 2022. Duk wannan a rediyo da talabijin suke zama su fede shi, da lissafi, ba kunya. Wanda zai ɓoye miki ciwon ƙugunsa, shi ne zai bugo waya gidan rediyo ya faɗi kuɗin wutarsa har da ɗigo.

Akwai kalma ɗaya da ke cutar da mu 'yan Najeriya a nan, ina roƙonku ku kiyaye ta. “I'm managing.” A Turancinmu na gida, in mutum ya ce haka, kowa ya san lallaɓawa yake yi da ƙyar. A kunnen Bature kuwa ma'anarta ina iyawa, komai yana tafiya. Na sha ganin yaranmu a gaban likita ko manaja, idonsu ya yi zuru-zuru, an tambaye su sun ce “I'm managing, we thank God”, an rubuta lafiya lau an rufe fayil. Su fito suna cewa ba a taimake su ba, alhali shi wancan ya yi aiki ne da abin da ya ji.

To ƙanwata ga abin da za ki yi, kuma yau, ba gobe ba. Ki koma wa malamar nan ta imel. Ki fara da cewa “I'm struggling”, sannan ki jera mata. Mama ba ta da lafiya tun wata kaza. Ba ki samun barci, kin nemi ganin likita. Kuɗin makaranta ya tsaya saboda faɗuwar naira, wannan kuwa ba ƙarya ba ne kuma jami'o'in sun sani, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A ƙarshe ki faɗi abin da kike so a yi miki, ƙarin lokaci kan aikin. Wannan layin na ƙarshe shi muke yawan mantawa, mu zuba kuka mu yi shiru muna jiran a gane. Jami'o'in nan suna da fom na uzuri, wasu suna kiransa “extenuating circumstances”, wasu “mitigating circumstances”. Yana da wa'adi, kuma yawanci suna son shaida, kamar takardar likita, don haka ki sa a ɗauko miki hoton takardar asibitin Mama.

Maganar kuɗin makaranta kuma ba ta malamar ba ce, ofishin kuɗi za ki je ki nemi a raba miki biya kashi-kashi, ki kuma tambayi ko akwai asusun tallafi da ɗaliban waje ke iya nema. Ki kuma leƙa ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, su ba ma'aikatan malamanki ba ne, za su tsaya miki. Don Allah kada ki yi shiru har a cire sunanki, domin in jami'a ta janye ki dole ne ta sanar da ma'aikatar cikin gida, daga nan maganar ta koma ta biza. Kuma duk tsanani kada ki wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, ko wa ya ce miki ba a ganewa.

Na san abin da ke cin ranki, don ni ma tarbiyyar da aka yi mini ke nan, cewa kai kuka wurin mutum kamar rashin tawakkali ne, kuma tonon asirin gida ne. Malamai sun bambance ƙorafi a kan hukuncin Allah da gaya wa mai magani inda ke ciwo. Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha ta ce wayyo kaina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a'a, ni ne dai wayyo kaina. Ki yi addu'arki, ki tashi tsakar dare ki kai wa Ubangiji duka a dunƙule, Shi ba Ya buƙatar a jera Masa. Amma 'yar Adam da ke zaune bayan tebur sai kin jera mata.

Ba kuma ina cewa tsarinsu ya fi namu ta ko'ina ba. Ina jinyar tsofaffin da suka san lambar kowane ofishi a ka, amma mako ya zagayo ba wanda ya leƙo su. Ƙasar da sai da gwamnati ta naɗa minista musamman kan kaɗaici a 2018, kin san akwai abin da ya ɓace musu. Abin yana taɓa ni ƙwarai. Mu muna da wanda zai zauna kusa da kai ko bai san mene ne ba, wannan kada mu yar da shi don mun zo Turai. Shi ya sa nake roƙon matan gidan nan da ke gari ɗaya da ita, wata ta leƙa ta a ƙarshen makon nan, ta tafi mata da abinci mai zafi, ta zauna da ita ko awa ɗaya ne.

Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ya buɗa miki ta inda ba ki zato. Ki rubuta imel ɗin ki turo mini ta bayan fage kafin ƙarfe shida in duba miki, don ƙarfe bakwai zan shiga aiki kuma ba na riƙe waya a ɗakin majinyata. Wassalamu alaikum.