Wata takwas tsokar jikina tana rawa, tsoro ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya haƙuri da mu?

Ni tela ne a Kano, shekarata 34, da mata ɗaya da yara uku. Abin ya faro ne a azumin da ya wuce, lokacin ɗinkin Sallah da muke kwana a shago. Fatar idona ta hagu ta fara rawa. Abokan aiki suka ce baƙo zan gani, muka yi dariya. Baƙo bai zo ba, sai rawar ta sauka sharaɓata, daga nan ta koma cinya, wani lokaci tsokar gindin babban yatsana. Ba ciwo take ba, sai dai in zauna in ga naman yana motsi ƙarƙashin fata kamar akwai wani abu mai rai a ciki. Da dare kuma yatsun hannuna na dama su yi kamar ana tsira musu allura, ƙafata ta yi kamar kiyashi na bin ta.

Wata rana na ga bidiyon wani Bature a Facebook yana cewa da rawar tsoka tasa cutar ta fara, yanzu ko cokali ba ya iya ɗagawa. Na bincika sunan cutar, wai ALS, na karanta cewa ba ta da magani, kuma yawanci shekara 2 zuwa 5 mutum ke yi. Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Kullum da asuba sai na yi tafiya a kan duga-dugaina, na ɗaga bokiti cike da ruwa da hannu ɗaya, na fito da harshe a madubi. Harshen ma na ga yana rawa.

Mai kemis ya yi min allurai, ba canji. Na je wani asibiti, likitan ko 'yar gudumar nan ta gwajin jijiya bai buga min a gwiwa ba, ya ce damuwa ce, ya rubuta magani. Mahaifiyata ta ce iska ce ko sammu, an kawo rubutu na sha. Matata ba ta san abin da nake tsoro ba, ta dai ga na daina wasa da yara, har ta tambaye ni ko aure zan ƙara. Ɗinki ina yi kamar kullum, amma zuciyata ba ta wurin. In na kalli autana sai in ji hawaye. Anti, ki faɗa min gaskiya, wannan cutar ce?

Wani tela daga Kano

Wa'alaikumussalam ƙanena. Allah ya ba ka lafiya, ya yaye maka wannan damuwa.

Ba zan iya duba ka ta takarda ba, amma akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da na karanta har sau uku: ɗinki kana yi kamar kullum. Wato bayan wata takwas har yanzu kana zura zare a allura, kana riƙe almakashi ka yanka shadda, kana taka keke. Ka riƙe wannan, domin a nan amsar take.

Cutar da kake tsoro tana kashe jijiyoyin da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka su kai wa tsoka. Idan sun mutu, tsoka ta daina karɓar saƙo, sai ta raunana ta rame. Don haka yadda take bayyana shi ne mutum ya kasa abin da ya saba yi. Maɓallin riga ya gagare shi. Makulli ya ƙi juyuwa a hannunsa. Silifas ya riƙa zamewa daga ƙafarsa, ko ya riƙa tuntuɓe saboda gaban ƙafar ba ya ɗaguwa. Wani kuma magana ce ke fara lauyewa, ruwa ya riƙa sarƙe shi. Kuma abin ba ya zuwa yau ya tafi gobe, ba ya tsalle daga ido zuwa cinya ya dawo yatsa. A wuri ɗaya yake kamawa, ya yi ta cin gaba. Gaskiya ne masu cutar suna samun rawar tsoka, amma galibi tare da rauni da ramewa take zuwa. Rawar tsoka ita kaɗai, wata da watanni, ƙarfi yana nan daram, abu ne da ya cika duniya, kuma likitocin jijiya sun san shi sarai a matsayin abin da ba ya cutarwa. Fatar ido da sharaɓa su ne ma wuraren da ya fi so.

Sai batun allura da kiyashi. Wannan, ko da yake yana damunka, nesanta ka yake yi da abin da kake tsoro. Jijiyoyin ji daban, na motsi daban, ita kuwa wannan cuta na motsi take ci, ta bar na ji. Mutumin da ke wuni a sunkuye, wuya a lanƙwashe, hannu a matse da almakashi, ba abin mamaki ba ne wata jijiya ta danne a wuyan hannu ko gwiwar hannu ko wuya. Ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 ma suna kawo irin wannan.

Harshe kuma, don Allah ka bar shi ya huta. Duk wanda ya zaro harshe ya riƙe shi a waje zai ga yana rawa, har ni da na gwada yanzu. Shi ya sa likita ke duba shi yana kwance a cikin baki.

Cutar kanta ba ta da yawa. A ƙasashen Turai, inda aka fi ƙidaya, kusan mutum 2 cikin 100,000 take kamawa a shekara, kuma yawancinsu sun haura 50. Kusan ɗaya cikin goma ne ke gadonta. Ba na cewa ba ta taɓa matasa ba: masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, yana da shekara 21 aka gano masa ita a 1963, ya rayu har 2018. Amma shi ma da faɗuwa da tuntuɓe da lauyewar magana tasa ta nuna kanta. Bidiyon da ka gani kuwa, ka tuna cewa dubban mutanen da tsokarsu ta yi rawa ta daina ba sa ɗaukar bidiyo.

Yanzu bari in tambaye ka abin da ba ka rubuta ba. A daren ɗinkin Sallah, me kuke sha don kada barci ya ɗauke ku? Na san shagon tela: shayi mai kauri, Nescafé, goro, lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari. Duka suna ɗauke da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, kuma kafeyin da rashin barci da gajiya su ne manyan masu sa tsoka rawa. Ga azumi, ga zafi, ga ƙarancin ruwa a jiki. Bayan Sallah ya kamata abin ya lafa, sai tsoro ya karɓi aikin. Fargaba tana sa tsoka rawa, rawar ta ƙara fargaba, mutum ya zuba wa jikinsa ido har ya riƙa jin abin da da can ba ya lura da shi. Ka rage waɗannan abubuwa a hankali, don yankewa lokaci ɗaya na kawo ciwon kai, ka nemi barci na kirki.

Likitan da ya ce damuwa ce, mai yiwuwa ya yi gaskiya, amma bai kyauta ba da bai duba ka ba. Wanda ba a taɓa jikinsa ba, ba zai yarda da maganar baki ba. Ka koma babban asibiti ka nemi a tura ka wurin likitan jijiya, a Kano akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Layi yana da tsawo, ka yi haƙuri. Zai gwada ƙarfin kowace gaɓa, ya buga gudumar nan, ya duba ko akwai tsokar da ta rame. A auna maka suga, da B12, da gishirin jini irin su fotasiyam da kalsiyam, da tayirod, wato abin nan na wuya da in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. In ya ga da buƙata zai sa a yi gwajin EMG, inda ake sa siririyar allura a tsoka a ga yadda take aiki. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har na mai kemis, kuma allurar nan ta isa haka. Addu'ar Hajiya mahaifiyarka ka ci gaba da karɓa, ba ta hana zuwa asibiti.

Amma akwai abin da ba a jiran layi a kansa. In hannu ko ƙafa ta mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi asibiti nan take. Haka in rauni ya fara daga ƙafa yana hawa cikin 'yan kwanaki, ko numfashi ko haɗiya ya yi wuya.

Sharaɗina da kai ɗaya ne. In likitan ya duba ya ce lafiya, ka yarda. Ka daina gwajin bokiti da madubi, domin sauƙin da suke ba ka na awa ɗaya ne, gobe sai sun nemi a maimaita. In tsoron ya ƙi tafiya bayan haka, shi ne ciwon da za a yi wa magani, kuma ana warkewa. Ka faɗa wa likita kai tsaye ba tare da kunya ba.

Matarka kuma, baiwar Allah tana can tana lissafin kishiya. Yau da dare, in yara sun yi barci, ka miƙa mata wannan shafin ta karanta, ranar asibiti kuma ku tafi tare.

Anti