Amsar amarya kan farin da ke fitowa a robar ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Murya zan yi, don abin ya fi ƙarfin rubutu.

Amaryarmu, na ga hoton da kika turo na robar ƙanƙarar nan mai laushi, ta silikon, da kika ce wani fari-fari yana kwanciya a cikin ramukan, kin wanke kin sake wankewa, da ta bushe sai ya dawo. Na kuma ga amsoshin da aka ba ki. Wata ta ce fumfuna ce. Wata ta ce robar ce take narkewa, ki zubar. Wata kuma ta ɗauko saƙon nan mai yawo na cewa yana jawo kansa ta liƙa miki. Don Allah 'yan uwa, yarinya sabuwar aure, tana garin da ba nata ba, a dinga tausasa mata.

Ni dai na san abin da yake damun ki, ko ba ki faɗa ba. Kin ce baƙi sun zo, an zuba musu lemo da ƙanƙara, sai ga wani gari-gari a gindin kofi. To abin da kike son ji shi ne, ƙazanta ce daga gare ki ko kuwa, kuma zai cutar da mutum ko ba zai cutar ba. Ki kwantar da hankalinki ƙanwata. Ba ƙazanta ba ce. Ruwanku ne.

Kin ga a gida Kano ba ki saba ganin wannan ba, don unguwarku ruwan famfo kuke samu, shi kuwa daga Tamburawa ko Chalawa yake zuwa, asalinsa ruwan kogi ne, kuma ruwan kogi bai cika ɗaukar sinadaran da ke kawo wannan farin da yawa ba. Yanzu an kai ki Sakkwato, kin ce ruwan bohol kuke amfani da shi. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana ratsa duwatsu, yana narkar da kalsiyam da magniziyam yana tahowa da su. Ido ba ya gani, ruwan garai-garai yake. Kuma yankin naku akwai dutsen nan da ake yin siminti da shi, shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, irin dutsen da ya sa aka yi na Ashaka a Gombe. To wannan dutsen, da ɓawon ƙwai, da farin da yake cikin robarki, duk sinadari ɗaya ne. Ki je ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwan shayi, ko ki dubi jikin hita. Na tabbata za ki tarar da fari ya kama. Ki kuma lura ko sabulu yana wuyar kumfa a ruwan nan, ko bakin famfon banɗaki ya yi fari. In haka ne magana ta ƙare.

Yadda yake faruwa a firiza kuwa, ruwa in zai daskare, tsantsar ruwan ce take fara kamawa daga waje, sai ta dinga tura sinadaran da iskar da ke ciki zuwa tsakiya da ƙasa. Shi ya sa tsakiyar ƙanƙara yake yin fari, gefen kuma garau. Sannan ƙanƙarar da ta daɗe a firiza a buɗe raguwa take yi, ku lura, ba tare da ta narke ba, iskar firizar ce take zuƙe ta a hankali. Ruwan ya tafi, sinadarin ba shi da inda za shi, sai ya zauna a jikin roba. Kamar dai yadda zufa take bushewa a hular maigida ta bar farin zane a bakin hular. Ga kuma namu na musamman: a ɗauke wuta ta narke, a kawo ta sake kamawa, a ɗauke ta narke. Kowane zagaye sai ya ajiye nasa. Ke kuma kina zazzage ƙanƙara ki sake cika robar ba ki ɗauraye ba, don ai ruwa ne kawai a ciki, me za a wanke. To haka yake hawa kan na jiya.

Sabulu ba ya fitar da shi. Ki ji wannan da kyau, don a nan ake wahala. Ko kwalba guda ta sabulun wanke-wanke kika juye, ba zai narke ba, ƙara ma shi kike yi, don sabulu in ya haɗu da irin wannan ruwan shi ma wani farin danƙo yake bari. Abu mai tsami ne kaɗai yake cinye shi. Farin khal za ki nema, wato binega, wanda ake sayarwa a kanti, yawanci za ki ga an rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbar. Kofi ɗaya na khal, kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ki zuba a ramukan su cika, ko ki nutsa robar a cikin kwano. Ki bar ta minti 30. In ya yi kauri sosai ki bar ta ta kai awa ɗaya, ba abin da zai same ta. Sai ki juya ramukan waje, ai tana lanƙwasuwa, ki goge da soso mai laushi ko tsohon buroshin haƙori, ki ɗauraye. In babu khal, lemon tsami yana yi, ki matse kamar guda huɗu ko biyar ki tace 'ya'yan. Ruwan tsamiya ma yana ci, amma ni ba na so, yana barin kala da danƙo, sai kin sake wani wankin.

Kafin ma ki yi duk wannan, gwada ki gani. Ki bari robar ta bushe, ki ɗiga khal tsantsa a inda farin ya fi yawa. In kika ga ƙananan kumfa suna tashi, to shi ne, babu tantama.

Wadda ta ce a jiƙa da kanwa, yi haƙuri 'yar uwa, kanwa ba ta yi. Kanwa kishiyar tsami ce, shi ya sa ake sa ta a kashe tsamin abu. Ba ta narkar da wannan farin. Haka masu haɗa bekin soda da khal a kwano ɗaya, su ga ya taso fuu su ce aiki yake. Ba aiki yake ba, junansu suke kashewa, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kowanne da ranarsa. Bekin soda ta maiƙo ce da wari, zan zo kan wannan.

Amma abin da ya sa na ce lallai sai na yi magana yau, shi ne wadda ta ce a zuba Hypo, wato bilic. In kin ji shawararta kin zuba, sannan kika ji tawa kika ƙara khal a kai, wallahi kin jawo wa kanki masifa. Bilic da abu mai tsami in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai ƙona ido da maƙogwaro da ƙirji, a ƙaramin kicin kuma ƙofa a rufe tana iya kai mutum asibiti. Kar ki haɗa su, ko a nan ko a wankin banɗaki. Kuma bilic ɗin ma shi kaɗai ba ya cire wannan farin, sai dai robar ta sha warinsa ƙanƙararki ta dinga ɗanɗanonsa.

Sai soson ƙarfe. Hmm. Soson ƙarfe. Ni wannan har yau yana ci min rai. Ina da wasu robobi masu kyau, masu kauri, da aka kawo min tsaraba daga Umara, da su nake ƙanƙarar zoɓon azumi. Aka yi haihuwa a dangi, aka aiko aro ranar suna. Ban hana ba, ai ba a hana aron kayan suna. Na ce wa 'yar aiken, don Allah a ɗauraye da ruwa kawai a dawo min da su, ni zan wanke abina. Ta ce to. Da suka tashi dawowa, an ga ɗan fari a ciki, wai za a yi min gwaninta, aka sa soson ƙarfe da omo aka dirje su tas. Cikin ramukan duk ya yi kaushi, ɗaya har ta tsage a kusurwa. Kuma abin da ya fi ɓata min rai, da na yi magana sai aka ce ai da datti aka karɓo su, taimaka min aka yi. Datti! Ni da nake sayar da zoɓo shekara da shekaru ba wanda ya taɓa dawo min da shi. Ba a ba ni haƙuri ba har yau, ko a ce sannu. Kuma tun daga ranar ƙanƙara ba ta ƙara fita daga cikinsu salin-alin ba, sai ta manne, farin kuma ya samu wurin zama, don duk inda aka karce nan yake maƙalewa. Mutane ba su san cewa santsin nan shi ne robar ba, in ya tafi ta tashi aiki. Yanzu in an zo aro ta roba mai tauri nake bayarwa, a ce na yi rowa, na ji. Ba rowa ba ce, kowa ya san zafin kayansa. Ita ma uwar jegon na san ba ita ta yi ba, amma ai ta gani, da ta... to, a bar wannan maganar dai.

Ina muke? Yauwa, maiƙo. Don akwai fari iri na biyu. In kin ɗiga khal bai yi kumfa ba, kuma in kin shafa da yatsa kika ji santsi ko danƙo maimakon gari-gari, to wannan maiƙo ne da ragowar sabulu. Silikon yana riƙe mai da wari sosai. Masu zuba markaɗen kayan miya ko ruwan nama ko kunun aya a ciki su daskarar, ku ne wannan. Maganinsa ruwan zafi sosai da ɗan sabulun wanke-wanke kaɗan, kaɗan fa, a jiƙa, sannan a kwaɓa bekin soda da ruwa a shafe ramukan a bar shi ya ɗan jima, a ɗauraye da kyau. Kar ki ji tsoron ruwan zafi. Silikon na gaske da shi ake yin gwangwanin gasa kek, yana jure zafin da ya kai digiri 200, tafasasshen ruwa kuwa 100 ne. Sai dai in taki mai bakin roba mai tauri ce a kewaye, ko mai murfi, to wannan ɓangaren kar ki tafasa shi. Kuma ki ware: ta miya daban, ta ruwa daban. In ba haka ba wata rana baƙo zai sha lemo mai ƙamshin daddawa.

Na ce ɗazu ki ɗauraye, bari in ƙara a kai. In kika ɗauraye da ruwan bohol ɗin nan kika kife ta ta bushe da kanta, ɗigon da ya bushe zai sake barin fari, ki ce maganin bai yi ba. Ɗaurayar ƙarshe ki yi da ruwan leda, ko ki sa tsumma mai tsabta ki tsane ta nan take.

Fumfuna kuwa ba haka take ba. Ita ɗigo-ɗigo take yi baƙi ko kore, da warin rima, kuma ba ta tsirowa a cikin firizar da take aiki, sai in an daɗe ba wuta an bar roba a jiƙe a rufe. Hotonki babu alamarta.

Zancen cutarwa. Kalsiyam da magniziyam ɗin nan suna cikin abincin da muke ci kullum, kuma tun farko suna cikin ruwan da kuke sha a gidan, ƙanƙara ce kawai ta fito da su fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta sa wa irin wannan ruwan wata iyaka ta fuskar lafiya ba, matsalarsa ta ɗanɗano ce da ɓata kaya. Abin da nake so ki ji tsoro ba shi ne farin ba. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Firiza tana kai digiri 18 ƙasa da sifili, amma ƙwayar taifot tana iya zama a cikin ƙanƙara ta jira ta narke. Mutum zai sayi ruwan kwalba mai tsada ya sha, sannan ya jefa ƙanƙarar ruwan 'yan garuwa a ciki, jarkar da bai san rabon da a wanke ta ba. Duk ruwan da ba za ki iya sha haka ba, kar ki yi ƙanƙara da shi.

Shi ya sa nake cewa ki tafasa. Riba biyu ce. Ya kashe cuta, kuma tafasawar tana sa wani kaso na sinadarin ya fita daga ruwan ya kwanta, wanda kike gani a gindin buta kenan. Ba duka yake fita ba, kar ki zo ki ce na ce zai tafi gaba ɗaya, amma yana raguwa sosai. Ki bar shi ya huce a rufe, ki tsiyaye na sama a hankali, na gindin ki zubar. Alimun ba ya wannan aikin, shi laka da dauɗa yake kwantarwa. Ruwan leda kuma ya danganta da kamfani, wani an tace shi da injin da yake cire sinadaran, wani daga bohol ne kusan kai tsaye, sai kin gwada kin ga wanda ba ya bar miki fari.

Sannan da ta kama, ki zazzage ta ki zuba a leda mai zif ko roba mai murfi, kar ki bar ta tana kwana da kwanaki a buɗe. Robar kuma ki ɗauraye kafin ki sake cikawa, wankin khal ɗin ko sau ɗaya a mako biyu ya ishe ki.

Akwai wani abu da ake yi a kasuwa, a murɗa robar a ja, in wurin ya yi fari a ce an haɗa ta da wani abu ba tsantsar silikon ba ce. Wannan farin na cikin jikin robar ne, ba ya wankuwa, daban yake da naki. In taki tana wari mai ƙarfi na roba ko tana ɓarewa, wannan kam ki canza ta. In ba haka ba, ba ki da dalilin zubar da kayan aurenki.

Ki yi gwajin khal ɗin yau da daddare ki faɗa mana ko ya yi kumfa. In bai yi ba ki gaya min wane sabulu kike wanke-wanke da shi, da abin da kika taɓa daskararwa a ciki. Ki gaida maigidan. An kira sallah, sai anjima.