Tambaya da Amsa: Lagireto da Hanyar Ruwa a Motar Haɗa-da-Kanka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni bakanike ne, kuma ina haɗa wata ƙaramar mota mai kujera biyu, irin wadda ake sayo ƙashinta da gangar jikinta a warwatse daga Ingila, mutum ya haɗa da hannunsa. Na ɗora mata injin Ford Zetec mai lita 2 da na ciro daga tsohuwar motar Ford Mondeo, na kuma sa lagireton Volkswagen Polo kamar yadda masu wannan aiki suke yi a can. Inji yana tashi lafiya ƙalau, amma allurar zafi ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ta hau ta sauka, kuma da na shiga cunkoso sai ruwa ya tafasa ya yi ambaliya. Abokan sana'ata sun ce in cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, in haɗa fanka kai tsaye da makulli, sannan in nemo babban lagireto. Kafin in kashe kuɗi ina neman shawararka. Allah ya ƙara basira.

Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan wasiƙa ƙwarai, domin ba kullum ake samun wanda zai tsaya ya haɗa mota tun daga ƙashi ba, kuma ina roƙonka kada ka sayi komai tukuna. Alamun da ka zayyana sun fi nuni da iskar da ta maƙale a cikin hanyar ruwa, da kuma iskar waje da ba ta ratsa lagireto yadda ya kamata, fiye da ƙarancin girman lagireton kansa.

Asalin matsalar yana cikin surar motar. Irin waɗannan motoci sun samo tsarinsu daga Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, aka riƙa sayar da ita a warwatse saboda harajin da ke kan cikakkiyar mota bai shafi sassanta ba, daga baya kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Hancinta siriri ne kuma yana ƙasa sosai, saboda haka lagireto yakan zauna ƙasa da kan inji, saɓanin motar gida wadda aka tsara bakin zuba ruwanta ya fi komai tsawo. Iska kuwa sama take nema a koyaushe. Idan kan inji ne wuri mafi tsawo, can za ta taru, daidai inda zafi ya fi tsanani, kuma duk lokacin da kumfar iska ta lulluɓe na'urar auna zafi sannan ruwa ya sake taɓa ta, allura za ta yi wannan hawa da saukar da kake gani.

Maganin wannan shi ne ɗan tankin ruwa mai murfin matsi, wanda za ka ɗaure a jikin bangon da ya raba inji da mazaunin direba, a matsayi mafi tsawo da bonet zai bari, har ruwan cikinsa ya ɗara kowane sashe na inji tsawo. Daga gindin tankin sai tiyo mai ɗan kauri ya sauka ya haɗu da tiyon ƙasa, kusa da bakin famfon ruwa. Sannan a ja siraran tiyo biyu su shiga saman tankin, ɗaya daga ƙololuwar lagireto, ɗaya daga gidan tamostat, domin duk iskar da ta taso ta samu hanyar fita da kanta. A kan injin Zetec wannan batu yana da muhimmanci na musamman, saboda a Mondeo injin a gicciye yake, amma kai ka miƙe shi daga gaba zuwa baya, wanda ya mayar da gidan tamostat can baya kusa da bango. Dole ruwan zafi ya yi doguwar tafiya a bututu kafin ya iso hanci, kuma idan bututun ya yi doro a wani wuri, nan ma iska za ta kwanta. Ka bi shi da ido da hannu daga farko zuwa ƙarshe, ka tabbatar ba shi da tudun da ba a huda masa mafita ba. Murfin matsi kuma ɗaya tak ake so a duk tsarin, a kan tankin. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma idan murfin ya riƙe ƙarin matsi na bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) sai ya kai wajen digiri 120, don haka murfin da robarsa ta mutu kaɗai ya isa ya sa lafiyayyar mota ta yi ambaliya.

Wajen zuba ruwa, ka ɗaga motar ta ɓangaren da tankin yake, ka buɗe hanyar hita idan ka sa mata, ka zuba a hankali kana matsa manyan tiyo da hannu har kumfa ta daina fitowa. Ka tayar da inji murfi a buɗe, ka dafa tiyon sama: zai jima da sanyi, sannan ya ɗau zafi gaba ɗaya, wanda ke nuna tamostat ya buɗe. A nan ruwan tanki yakan faɗa, sai ka cika, ka rufe, ka bar inji ya huce sarai kafin ka sake dubawa. Kada ka taɓa buɗe murfi inji yana da zafi, domin tururin yana saɓule fata.

Akwai wani abu da ya kamata ka duba tun kafin wannan, wanda mutane da yawa ba sa tunawa da shi. A injunan Zetec da dama bayan bel ne yake juya famfon ruwa, wato famfon yana juyawa saɓanin yadda inji yake juyawa. Mai haɗa mota yakan cire kwamfuresar na'urar sanyaya ɗaki da famfon sitiyari, ya sa gajeren bel, ba tare da ya lura ya sauya wa famfon ruwa alƙibla ba. Famfon da ke juyawa a baibai yana tura ruwa kaɗan ne kawai. Ka kwatanta hanyar bel ɗinka da yadda take a Mondeo, idan ta sauya, ko ka ƙara ɗan fule mai mayar da bel ta baya, ko ka nemi famfon da fukafukansa suka dace da sabon juyin.

Sai iskar waje, kuma a nan ne bambancin Ingila da Kaduna yake shigowa. Lagireto yana zubar da zafi ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. Idan ruwa yana digiri 90 iska tana 20, tazarar 70 ce. Idan iska ta kai 40 a watan Afrilu, tazarar ta koma 50, wato kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ya tafi. Lagireton Polo na iya wadatarwa a can ko da an ɗora shi sakaka, amma a wurinmu ba shi da rarar da za a yi wasa da ita. Iska kamar ruwan rafi take, inda ya fi sauƙi nan take bi, saboda haka duk ratar da ka bari tsakanin lagireto da hancin mota, ta nan za ta sulale maimakon ta ratsa ƙananan ramukansa. Ka yanka falle na alminiyam ka killace gefe da gefe da sama da ƙasa, ka toshe sauran da soso mai jure zafi. Haka nan iskar da ta shiga tana bukatar mafita, in ba haka ba za ta cunkushe a ɗakin inji ta hana sabuwa shiga, shi ya sa ake tsaga tagogi a bonet ko a gefen gangar jiki. Fanka ta fi aiki idan tana bayan lagireto tana zuƙowa, manne da shi cikin kewayenta, kuma ka riƙe takarda a gaban hanci ka ga ta manne, domin fankar da aka juya wa waya tana hura iska gaba ne. Sai bayan ka yi duk wannan, idan allura tana ci gaba da hawa a hankali a doguwar tafiya da gudu, sannan zancen lagireto mai kauri zai taso, kuma ana samun na alminiyam da aka ƙera daidai ma'aunin na Polo.

Shawarar cire tamostat kuwa ban goyi bayanta ba ko kaɗan, duk da na san ta zama al'ada a garejojinmu. Tamostat yakan buɗe tsakanin digiri 82 zuwa 92, gwargwadon irinsa, kuma da zarar ya buɗe ba ya hana ruwa wucewa. A injuna da yawa na zamani yana da faifai na biyu da ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake zagayawa cikin inji kafin ya ɗumama. Idan ka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai je lagireto ba. Sannan da safiyar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutarsa ta yi ta ƙara mai, zoben fistin ya yi ta cinyewa. Ka jefa naka a tukunyar ruwa bisa wuta ka ga ko yana buɗewa kafin ruwan ya tafasa, in ya ƙi ka sauya shi. Fanka ma ka bar ta a kan makunninta mai jin zafi, ta hanyar rilai da fis, sai dai ka ƙara maɓalli a gaban direba don cunkoso.

Game da ɗaurin lagireto, a kan robobi zai zauna, kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe, domin irin wannan mota tana da jijjiga kuma tankunan gefe na roba suna tsagewa. Bakin kowane bututun alminiyam ya kasance da ɗan tudu da zai riƙe kilif. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma yana barin ƙanzo a ciki, don haka ka gauraya tataccen ruwa da kulant mai hana tsatsa, kuma ka riƙa hure ƙurar hunturu daga bayan lagireto zuwa gaba.

Tun da ka ce ruwa ya riga ya tafasa, ka tabbatar da lafiyar gasket ɗin kan inji kafin ka ɗora laifi a wani wuri, domin kan Zetec na alminiyam ne kuma zafi yana iya lanƙwasa shi. Idan bayan ka fitar da iska kumfa ta ci gaba da tasowa a tanki ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri mintuna kaɗan bayan tayar da inji mai sanyi, to hayaƙi ne yake shiga ruwa, sai a sauke kan inji a auna shi a sa sabon gasket.