Me zai hana a tone shi a sa a leda?

Ɗana, tambayar da ka yi kan ɗan tsiron nan na Afirka ta Kudu, Serruria aemula, mai fure ruwan hoda, tana kan hanya. Ka ce tunda gine-ginen Cape Town sun cinye masa wuri har yana gab da ƙarewa, me zai hana a tone wanda ya rage, a sa a leda, a ba shi taki ya huta.

To, takin ne zai fara kashe shi. A cikin farin yashi mai tsami ya saba rayuwa, inda babu abincin kirki, saiwoyinsa kuma sun yi cunkus kamar burushi don su tsotsi ɗan abin da ke nan. Ka zuba masa takin zamani irin wanda muke ba mangwaro, sinadarin fosfaros ya yi masa yawa, ganyen ya ƙone. Tonon ma kansa ba ya jurewa. Masu renonsa reshe suke yanka su kafa a yashi mai saurin tsane ruwa, kuma yana kamawa.

Amma wanda ke leda ba ya haifar da daji. Idan irinsa ya faɗi, tururuwar wurin ce ke jansa cikin raminta saboda ɗan maiƙon da ke jikinsa, ta cinye maiƙon ta bar ƙwayar a binne, ɓera bai gan ta ba. Can za ta zauna har sai gobarar daji ta wuce. Wutar tana kashe uwar, 'ya'yan kuma su fito da ruwan hunturu, don can da sanyi ake ruwa. Yanzu sama da kashi 80 cikin 100 na irin wannan daji ya tafi, abin da ya rage 'yan filaye ne a gefen titi da ƙarƙashin wayoyin lantarki. Wa zai yarda a cinna wuta a bayan katangarsa? Ga wata bishiya dangin bagaruwa ta Ostareliya da ke rufe filin, ga tururuwar Ajantina da ke lashe maiƙon ta yar da ƙwayar a sarari.

Shi ya sa ma'aikatan kula da dajin wurin suke sare baƙin itatuwan nan da hannu, su nemi izinin hukumar birni, sannan su ƙona fili ɗaya bayan ɗaya a lokacin da ya dace. Wanda aka rena a leda kuma, cikin irin wannan filin ake mayar da shi.